Abin da Ke Cikin Alkukin Inna

Da sunan Allah mai jinƙai nake ɗora alƙalami, ni da karatuna bai yi nisa ba. Ɗan rubutun da na iya shi ne abin da ya rage mini daga makarantar zaure, hannun ma ya fara rawa. Amma akwai maganar yayata da nake so in ajiye kafin a ajiye ni, domin duk waɗanda suka santa sun riga ni tafiya, ba sauran wanda zan gaya wa da baki.

A Gozaki aka haife mu, cikin ganuwa, a unguwar da ta jingina da dutse. Cikin 'ya'yan Inna mu biyu muka rayu, Yaya ce ta fari, ni ne auta. Tun tana ƙarama aka gane kanta ba ya riƙe magana. Ba hauka ba ne. Ba ta jifa, ba ta yage zane, tana da kunya da tsafta, kuma in an yi abin dariya takan yi, sai dai bayan kowa ya gama tasa. Matsalarta ɗaya ce: duk abin da ya shiga ta kunnenta, kafin ta kai zaure ya zube. A aike ta sayo gishiri, sai ta je ta tsaya gaban mai gishiri ta yi tsit, har ya gaji ya ce ta matsa. Ba wanda ya zo neman aurenta, Baba kuma bai kai ta ga kowa ba. Ta zauna gida tana kaɗi. Zaren nata ma ba wani mai kyau ba ne, nan kauri can siriri, masaƙa kan karɓa ne don ganin idon Inna.

Inna ce ta gano cewa idon Yaya ba kamar kunnenta ba ne. Abin da ta gani ya zauna ke nan. Sai ta daina aikenta da baki. In gishiri ake so, ta ƙulla mata ɗan gishiri a bakin zane. In daddawa ce, ta ƙulla mata ɗan gutsure. Yaya ta isa kasuwa ta kwance ƙullin, ta duba, ta ce, “Irin wannan.” Daga nan ba ta sake dawowa hannu wofi ba.

Ina ɗan saurayi wani mai wa'azi ya sauka garinmu. Maza suka cika ƙofar masallaci, mata suna saurare ta bayan zana. Ya yi magana a kan kabari. Ya ce idan mutane suka gama turbuɗa ƙasa suka juya, mamaci yana jin takun sawunsu, sai mala'iku biyu su zaunar da shi su tambaye shi Ubangijinsa, da addininsa, da annabinsa. Wanda ya amsa a yalwata masa makwanci. Wanda ya yi inda-inda a sauke masa gudumar ƙarfe. Mutumin ya iya siffanta abu, har ka rantse kana ganinsa. Shi ya sa wannan magana ba ta zube daga kan Yaya ba. Ta ga ramin, ta ga gudumar. Tambayar ta zauna daram, amsar ce ta ƙi zama.

Ta dawo gida ta ajiye mazarinta, ta kama zanen Inna.

“Inna, me zan ce musu?”

Inna ta gaya mata. Ta maimaita. Kafin a sauke tuwo ta sake tambaya. Haka aka yi ta yi har Yaya ta fara ramewa, ta daina shiga rumbu don duhunsa.

Akwai wani alkuki a bangon ɗakin Inna da Yaya, ɗan ramin nan da ake ajiye fitila. Wata safiya Inna ta cire fitilar ta share wurin, ta jera abu uku. Na farko zangarniyar dawa. Na biyu bakin tsohuwar butarta ta ƙasa da ta fashe. Na uku ƙwallon dabino, wanda ta daɗe tana ɓoyo tun ranar da wani alhaji da ya yi shekara da shekaru a hanya ya raba wa gidan mahaifinta tsaraba. Ta kira Yaya ta tsai da ita gaban alkukin. Ina zaune a bakin ƙofa ina gyaran ƙotar fartanya, na ji komai.

“Wa ya fito da wannan daga ƙasa?”

“Allah.”

“To, shi ne Ubangijinki. Wannan fa, me muke yi da ita?”

“Alwala.”

“Alwalar su wa?”

“Ta Musulmi.”

“To, addininki ke nan, Musulunci. Wannan kuma daga garin wa ya zo?”

Yaya ta ɗauki ƙwallon ta juya shi a tafin hannunta. Inna ta faɗa mata sunan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta ce a garinsa wannan itace yake fitowa. Yaya ta faɗa, tana murza ƙwallon da babban yatsa.

Inna ta riƙe haɓarta ta ce, “Ki ji ni da kyau. Ba su ake roƙo ba, ba su ake bauta wa ba. Tuni ne kawai, kamar ƙullin gishiri.”

“Kamar ƙullin gishiri,” in ji Yaya.

Da kaka ta zo ana yaɓe ɗakin, Inna ta ƙara mata wani abu. Ta kama hannunta ta danna a ɗanyar laka kusa da alkukin, ta zana da yatsa alamar baki, da ɗigo biyu na hanci, da da'irar fuska, da sauransu, daga sama har ƙasa, inda ta sa ta danna tafin ƙafarta. Jerin alwala ke nan. Kullum Yaya takan tsuguna da butarta a bakin ƙofar ɗakin tana duban bango tana bi, in ta gama ta miƙe ta tsaya gaban alkukin, hannunta na ɗigar ruwa, ta yi wa kanta tambayoyin nan uku ta amsa. Ta koma cin tuwonta. Ta koma shiga rumbu.

Haka muka zauna shekaru. Baba ya rasu, Inna ta bi shi. Na yi aure, gida ya dawo hannuna, Yaya tana ɗakinsu ita kaɗai da alkukinta.

Yanzu dole in faɗi wani abu game da gidanmu. Kakanmu na wajen uba Bamaguje ne. Ya musulunta da furfura a kansa, kuma tsofaffin unguwa ba su manta da gindin tsamiyar da yake yanka jan zakara ba. Ba mai faɗa maka a ido, amma in aka zo maganar wa zai ja sallah idan Liman ya yi tafiya, sai ka ga ido ya tsallake ka. Ni kuwa Allah ya ba ni murya. Ladanin masallacinmu ya tsufa, kiransa ba ya ƙetare kwararo, kuma na ji ana raɗe-raɗin ni za a ba. Ina son abin nan ƙwarai. Ba don lada kaɗai ba, kada in yi wa Allah ƙarya. Ina so ne a ji muryar jikan mai tsamiya tana tada gari.

Ina da taubashi, ɗan kawuna, marini ne, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Mutum ne mai bakin tsiya da farin ciki, kuma yana ƙaunar Yaya, ba ya zuwa ba tare da ɓarin goro dominta ba. Wata rana da bazara ya shigo gaishe mu da azahar, ya tarar da ita tsaye gaban alkukin tana motsa baki, ruwan alwala na ɗiga daga yatsunta a kan zangarniyar. Ya tsaya ya dafa ƙugu, ya ɗaga murya.

“Kai, bawana, fito ka ga ikon Allah! Ashe kakanka bai mutu ba, ɗaki ya sauya?”

Na fito daga bayan rumbu. Ya nuna alkukin da shuɗin yatsansa.

“Ladan a waje, sarkin tsafi a ciki. Gobe me zan kawo, baƙin bunsuru ko jan zakara? Ka faɗa mini tun da wuri in nemo mai ƙiba.”

“Bakinka ya fi karofinku wari,” na ce, ina yaƙe.

“Matata, ki roƙa mini a wurin dodon naki kasuwar Maska ta yi kyau,” ya ce da Yaya cikin wasan taubasai, ya miƙa mata goro.

Ta karɓa. Sai da ya kai zaure sannan ta fashe da dariya, ta ce, “Mai shuɗin hannu!”

Shi ya tafi ya manta. Ni ban manta ba. Na tsaya ina duban alkukin da idon baƙo. Zangarniya busasshiya, fasasshen kasko, ƙwallo, sawun hannu a bango, da mace tana zuba musu ruwa tana magana ƙasa-ƙasa. Na san abin da suke. Ina nan aka jera su. Amma na yi tunanin bakin taubashina a bakin karofi, inda rabin gari ke zaman hira.

Matata ta ga fuskata, ta ce, “Malam, wasa fa yake yi.”

“Wasan da za a maimaita a ƙofar masallaci.”

“To ka rataya tabarma a wurin.”

Ban rataya tabarma ba. Washegari na sa aka tafi da Yaya rijiya. Na kwashe abin da ke cikin alkukin na watsa a juji, na kwaɓa laka na toshe ramin, na shafe sawun hannun da na ƙafar, na lailaye bangon sumul. Lokacin kai taki gona ne, cikin 'yan kwanaki jakuna suka kwashe jujin kaf.

Yaya ta dawo ta sauke tulu, ta shiga ɗaki. Na bi ta na tsaya a ƙofa. Ta daɗe tana duban bangon. Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaga hannu ta danna tafinta a ɗanyar lakar, daidai inda na Inna ya sa ta danna, ta ja baya tana duba sawun.

“Auta, wa ya rufe?”

“Ni ne. Daga yau da baki zan koya miki, kamar kowa.”

Na jiƙa hannuna na shafe wannan sawun ma.

Na cika alkawarin koyarwar, in ana kiran wannan cikawa. Kowace safiya in zaunar da ita in faɗa ta maimaita, yadda aka yi mana a makaranta. Tana faɗa daidai muddin bakina na motsi. In na yi shiru na tambaye ta, sai idonta ya tafi bango. Na yi mata tsawa. Sau ɗaya na buga mata carbi a hannu, matar da ta goya ni. Daga baya na gaji, na ce gona ta yi mini yawa.

Ladancin kuwa aka ba ni. Ba wanda ya taɓa tada maganar alkuki, ko a karofi ko a masallaci. Nakan hau tudun masallaci in kira sallah, muryata ta bugi dutse ta dawo, in sauko in tarar da Yaya tsugune da buta ta rasa inda za ta fara, wani lokaci ta wanke ƙafa kafin fuska ta tsaya tana duban hannuwanta. Matata ce ta gyara wannan ba tare da ta ce mini komai ba. Ta riƙa tsugunawa gabanta tana alwala a hankali Yaya na kwaikwayo, ta tsaya gefenta a sallah. Wannan ya wadatar. Amma amsoshin nan uku ba abin kwaikwayo ba ne, kuma Yaya da kanta ta san matata ba za ta shiga kabari tare da ita ba. Ta sake daina shiga rumbu.

Da damina ta zagayo tari ya kama ta, ƙafafunta suka kumbura. Aka yi jiƙe-jiƙe, aka yi rubutu, abin sai gaba yake. Ta kwanta fuskarta na duban bangon nan mai sumul. Duk wanda ya shigo dubiya, tambaya ɗaya take yi masa: “In sun zo me zan ce musu?” A gaya mata, ta yi godiya, kafin mutum ya sa takalmi ta sake tambaya.

Na je na sami Liman a zaurensa na gaya masa komai, har da abin da ya sa na yi. Ya daɗe yana shafa gemu.

“Da ka rufe ramin, wa ka tambaya?”

“Ba kowa, Allah gafarta Malam.”

“Ai ga zaurena nan, ba nisa. Allon da ka yi karatu da shi, ba itace ba ne? Ka taɓa bauta masa?” Ya girgiza kai. “Je ka gaya mata ta kwantar da hankalinta. Irinsu an ɗauke musu alƙalami. Allah ba ya tambayar bawa abin da bai ba shi ba.”

Na dawo da sauri kamar mai ɗauke da bushara. Na durƙusa gefen gadonta na ce Liman ya ce ita ba ruwanta, ba za a matsa mata ba. Ta juyo ta dube ni.

“Mai wa'azi ya ce kowa ake tambaya.”

“Ban da irinki, Yaya.”

“Ni ba kowa ba ce?”

Ta mai da idonta ga bangon. Ta ce, “Inna za ta ji. Ina so in faɗa daidai.”

A ranar na ɗauki fartanya na fasa lakar da na toshe alkukin da ita. Na je gona na bi kunya-kunya ina tona ƙasa a gindin dawa, ko Allah zai sa in ga bakin butar. Ban ga komai ba. Sai na ciro zangarniya daga rumbu, na fasa wata tsohuwar buta na ɗauki bakinta, na taka har kasuwar Tsiga na samo dabino wurin fatake na cinye na goge ƙwallon. Na jera su yadda na tuna. Muka ta da ita zaune, matata na tallafe da bayanta.

Ta dube su sau ɗaya ta kau da kai.

“Ba su ba ne.”

“Irinsu ne, Yaya. Irin wannan, kamar gishiri.”

“Dawar Inna kaura ce, wannan farfara ce. Ta Inna wuyanta ya lanƙwashe wajen ƙofa, ɓera ya ci gefe guda. Butar kuma tana da baƙin tabo nan, inda wuta ta lasa, da tsaga kamar ƙafar kaza.”

Ta ci gaba da lissafa abin da ni da na kwashe su da hannuna ban taɓa lura da shi ba. Matata ta ɗago ta dube ni ta bisa kafaɗar Yaya, ta ce a hankali, “Malam, ai tana ganinsu.”

Na matso. Na ce, “Yaya, rufe idonki.”

“Duhu.”

“Ina nan, ga hannuna. Rufe. Me ke cikin alkukin Inna, daga wajen ƙofa?”

Ta rufe, sannan ta ce, “Kaura.”

“Wa ya fito da ita daga ƙasa?”

“Allah.” Ta ja numfashi. “Shi ne Ubangijina.”

Muka wuce ga butar, ta ga tabon, ta ga tsagar, ta amsa daidai. Na ce, “Na ukun fa?”

Goshinta ya tattare. Ta ce ba ta ga komai ba, lungun duhu ne. Muka sake daga farko, ta kawo biyu, na ukun ya ƙi. Ta fara cewa biyu ba su isa ba, uku za a tambaya. Sai na tuna ranar farko, yadda ta ɗauki ƙwallon tana murzawa. Ƙanƙane ne, kullum yana can ƙuryar ramin inda haske ba ya kaiwa. Ba da ido ta san shi ba. Na ɗauko na Tsiga na sa mata a tafin hannu, idonta a rufe. Babban yatsanta ya nemi tsagar da ke cikinsa ya bi ta daga sama zuwa ƙasa. Ta faɗi sunan Manzon Allah, ta yi masa salati yadda Inna ke yi, har da jan muryar Inna.

Muka yi ta gwadawa kwana da kwanaki. Biyu na farko sun zauna a bayan idonta, ko da rana ko da duhu. Na ukun kuwa, in ƙwallon na hannunta ya zo, in na zare shi ya tafi. Ta gane haka kafin ni. Wata la'asar ta kama wuyan hannuna, ta ce, “Auta, in an kai ni, ka sa mini shi a hannu.”

Na ce, “Zan sa.”

“Ka ce wallahi.”

Na ce wallahi.

Ta cika da hantsi, ranar da aka fara yankan gero. Da aka zo gyara ta, ƙwallon ya faɗo daga hannunta, matata ta tsince shi ta kawo mini zaure. Na ce ta mayar. Ta ce masu wankan tsofaffi ne uku, har da matar Liman, su za su naɗe ta, ita ruwa kawai take miƙawa. Na karɓa na ce ni zan sa a can. Likkafanin daga zaren Yaya aka saƙa shi, wanda masaƙa suka bar mana shekara da shekaru, ana ganin ƙulle-ƙullensa a jikin ƙyallen.

A maƙabarta ni na sauka wajen kai, taubashina wajen ƙafa. Muka kwantar da ita a kan damanta tana duban gabas. Aka ce in sassauta ɗaurin. Ƙwallon na cikin tafina, ya jiƙe da gumi. Abin da ya rage kawai in zura hannu ta bakin likkafanin in lalubo nata. Na ɗaga kai. Ƙafafun mutane sun kewaye ramin, ga Liman, ga dattawan da suka san tsamiyar kakana, duk suna duban hannuwana. Na ji abin da za a ce: ladan ya cusa wa gawa wani abu.

Na sassauta ɗaurin. Da na zo janye hannu, na buɗe yatsuna na saki ƙwallon ya gangara tsakanin jikinta da bangon ramin, wajen da nake zaton hannunta yake. Tsakaninsa da yatsanta ƙyalle ɗaya ne. Aka miƙo itace muka jera, aka toshe da ganye da laka, aka tura ƙasa.

Liman ya ce a roƙa mata tabbata, yanzu ake tambayarta. Aka shafa, mutane suka juya. Na ji takun sawunsu yana nisa, na san ita ma tana ji. Na tsuguna wajen kanta na kai bakina kusa da ɗanyar ƙasar.

Na ce, “Yaya, ni ne. Rufe idonki. Me ke cikin alkukin Inna, daga wajen ƙofa?” Na yi shiru gwargwadon yadda takan ɗauka. Na ce, “Wa ya fito da ita?” Na sake yin shiru. Na wuce ga butar, na ambaci tabon da tsagar. Da na zo na uku na ce, “Miƙa yatsanki, Yaya. Yana nan kusa. Ta bayan zanen.” Na jira. Iska na kaɗa karan gero a gonar da ke gefe, ban ji komai ba sai wannan.

A ƙofar ganuwa na tarar da taubashina zaune kan dutse yana jirana, ƙasar kabarin ba ta gama bushewa a shuɗin hannunsa ba. Muka jera muna tafiya. Bai tsokane ni ba, abin da ban taɓa gani ba.

Ya ce, “Na ga abin da ka saki.”

Na ce, “Ƙwallon dabino ne.”

“Na sani. Na gan shi a hannunta duk zuwan da na yi. Don me ba ka sa mata ba?”

“Mutane na kallo.”

Ya tsaya ya dube ni. Ya ce, “Bawana, ba ka ga na baza rigata ba? Na ɗauka abin da za ka yi ke nan, shi ya sa na duƙo na tare ka. Ba wanda ke ganin hannunka sai ni.”

Har ya rasu ban gaya masa cewa wasansa ne ya sa na rufe alkukin ba. Ba laifinsa ba ne, ban ga dalilin ɗora masa ba.

Na san abin da malamai suka ce, kuma na gaskata. Ƙwallo ba ya amsa wa kowa tambaya. Wanda ya fito da kaura daga ƙasa shi ke tabbatar da harshen bawansa, kuma ya fi ni tausayinta nesa ba kusa ba. Na faɗa wa kaina wannan sau da yawa. Amma ba abin da ta roƙe ni ke nan ba. Ta ce a hannu, na ce wallahi. Na yi kaffarar rantsuwar tun a shekarar, abin bai sauka daga ƙirjina ba.

Na ci gaba da kiran sallah har muryata ta dushe aka ba wani. Alkukin yana nan a buɗe, ban mai da fitila ciki ba, jikokina sun san ba a ajiye komai a wurin. Yanzu ni ma kaina ya fara zubar da magana. Nakan shiga ɗaki in manta abin da ya kawo ni, suna ya zo bakina ya koma. In na ji tsoro ya taso, sai in rufe ido in duba ramin nan. Ina ganin kaurar da wuyanta a lanƙwashe, ina ganin tabon butar, yadda ita ta siffanta mini su, ba yadda na gan su ba. Lungu na uku duhu ne a wurina ni ma. Nakan ga hannunta a can, cikin farin ƙyalle mai ƙulle-ƙulle, babban yatsan yana motsi yana lalube.

Wanda wannan takarda ta faɗa hannunsa, kada ya fara da ni. Ya fara roƙa wa Yaya, Allah ya sa ta faɗa daidai, duka ukun. In addu'ar ta yi saura, ya tuna da auta.